Kakar harbin kurciya a Amurka: Ƙaramar wuƙa da dogon lissafi

Duk ranar 1 ga watan Satumba, dubban ɗaruruwan Amurkawa kan yi sammako su nufi gonakin da aka girbe, musamman a jihohin kudu irin su Tekzas da Arizona, kowa da bindigarsa da ɗan kujerar zama da gorar ruwa. Ranar ce ake buɗe kakar harbin kurciya, wadda suke ɗauka a matsayin farkon lokacin farauta a wurinsu. A wasu garuruwan ranar ta zama tamkar ƙaramar salla: dangi su taru, uba ya fita da ɗansa karo na farko, da yamma a kunna gawayi. Kurciyar da suke harbi wata ce da suke kira mai makoki, saboda kukanta mai kama da na wanda aka yi wa rasuwa. Ba ta fi tamu girma da wani abin kirki ba, nauyinta bai cika wuce giram 150 ba, amma tana da gudu a sama har kusan kilomita 90 cikin sa'a guda, ga kauce-kauce, shi ya sa maharbi kan ɓarar da harsashi da yawa kafin ya kayar da ɗaya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan malamin harshe da harbin kurciya a wata uwa duniya? Abin da ya ja hankalina kalmomi ne. Hukumominsu ba sa cewa an kashe tsuntsaye kaza a bana, sai su ce an girbe su, da kalmar da manomi ke amfani da ita ga hatsi. Haka kuma aikin gyaran tsuntsu bayan an harbo shi, da kalmar sanya tufafi suke kiransa, alhali tuɓe shi ake yi. Ta biyun abin dariya ce kawai. Ta farkon kuwa tana ɗauke da tunani mai nauyi, domin wanda ya ce girbi ya yarda ke nan akwai lokacin da ba a girbi, akwai mudun awo, kuma dole a bar iri. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne wannan tunanin, wato lokaci da iyaka da ƙidaya, shi ya sa ake harbe miliyoyin kurciyoyi a Amurka kowace shekara ba su ƙare ba, kuma ana iya ganin tunanin har a jikin wuƙar da suke gyara tsuntsun da ita.

Ba da wannan hankalin suka fara ba. A ƙarni na 19 ƙasar na da wata tattabarar daji mai ƙaura wadda masana ke kiyasin yawanta ya kai biliyan 3 zuwa 5. Mai zanen tsuntsayen nan Odubon ya ba da labarin wani garke da ya gani a jihar Kentaki a 1813, wanda ya yi kwana uku yana wucewa yana rufe hasken rana. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa abu mai wannan yawa zai iya ƙarewa. Sai layin dogo da wayar tangarahu suka zo. Da zarar tsuntsayen sun sauka yin sheƙa a wani daji, sai waya ta kai labari, maharban kasuwa su yi dafifi da raga da sanduna da bindigogi, a sare itatuwan da 'ya'yan ke kai, a cika ganguna, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa birane. A Fetoski ta jihar Mishigan, a 1878, an yi watanni ana wannan ɓarna a sheƙa guda. Ita kuwa wannan tattabara ƙwai ɗaya tak take yi. Ta ƙarshe a duniya, wadda aka laƙaba wa suna Marta, ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati ranar 1 ga Satumba, 1914. Dubi ranar da kyau. Daidaituwa ce kawai, amma ranar da suke buɗe kakarsu a yau ita ce ranar da suka rasa tsuntsun da ya fi kowane yawa a nahiyarsu.

Bayan nan ne aka shiga taitayi. A 1916 Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Birtaniya, a madadin Kanada, kan tsuntsaye masu ƙaura, a 1918 majalisa ta mayar da ita doka. Yarjejeniyar ta rufe farautar irin waɗannan tsuntsaye daga 10 ga Maris zuwa 1 ga Satumba, wato lokacin sheƙa da ƙyanƙyasa, kuma daga nan ranar buɗe kaka ta samo asali. An haramta sayar da naman, abin da ya karya kasuwar baki ɗaya. A 1935 aka hana zuba hatsi don yaudarar tsuntsu, aka kuma wajabta toshe bindiga yadda ba za ta ɗauki harsashi fiye da 3 ba. A 1937 aka yi dokar Fitman da Robatsin, wadda ta ware harajin da ake karɓa kan bindigogin farauta da harsasai, kashi 11 cikin 100, don kula da namun daji da mazauninsu. Ma'ana, duk harsashin da maharbi ya ɓarar a iska, ya biya wani abu a asusun tsuntsun da ya kuskure.

A yau jihohi kimanin 40 ne ke barin a harbi kurciya. Kakar ba ta wuce kwana 90, mutum ba ya wuce tsuntsu 15 a rana, ba a harbi bayan faɗuwar rana, kuma laifi ne ka harbo tsuntsu ka ƙi yin ƙoƙarin nemo shi. Duk maharbi sai ya yi rajista ya faɗi abin da ya samu a bara. Tun 2003 ma'aikata ke kama dubban kurciyoyi kafin kaka suna sa masu zobe mai lamba a ƙafa, wanda duk ya harbo mai zobe sai ya sanar. Akwai kuma wani tsari da ya fi burge ni: ana zaɓar wasu maharba a aika masu ambulan, su yanke fiffike ɗaya daga kowace kurciya su mayar ta gidan waya. Bayan kaka masana su taru su zube fikafikan a tebur, daga yanayin gashin su gane wanne ne na bana, wanne ne tsoho. Idan 'yan bana sun yi yawa, an san ƙyanƙyasa ta yi kyau. Idan sun ragu, tsarin ya tanadi a rage kwanaki ko adadi. Ita ma kurciyar ta taimaki kanta, domin ƙwai biyu take yi, kuma a wurare masu ɗumi takan yi sheƙa sau da yawa a shekara guda.

To a nan ne wuƙa ta shigo. Wanda ya saba kallon finafinan Amurka zai zaci maharbinsu da wata zabgegiyar wuƙa yake yawo, mai kama da barho. Wanda ya san aiki a cikinsu dariya yake wa mai irin wannan. Wuƙar gyaran tsuntsu, wadda suke kira ta tsuntsu da kifi saboda aikin biyu take yi, ruwanta bai cika wuce santimita 7 zuwa 10 ba, siririya ce, marar kauri, mai tsinin baki. Dalilin a fili yake. Ƙashin ƙirjin kurciya na da wani tudu a tsakiya, nama na kwance gefe da gefensa, kuma sai ruwan wuƙa mai ɗan lanƙwasuwa ne zai bi jikin ƙashin ya ɗauko naman bai bar rabi a baya ba. Wuƙa mai kauri tsaga take yi, ta huda hanji, ta ɓata ɗan naman da dama bai taka kara ya karya ba. Wasu tsofaffin samfura na da zobe a ƙarshen ƙota, inda ake zura ƙaramin yatsa, don mutum ya saki wuƙar ta yi lilo yayin da yake fige gashi da hannu biyu, ba sai ya ajiye ta a ƙasa ba. Wasu masu naɗewa kuma na da ɗan ƙugiya a gefe, da ake zurawa ta ƙasan tsuntsu a murɗa a zaro kayan ciki ba tare da an farke shi ba. Wannan na da muhimmanci, don farkon Satumba a Tekzas zafi ne sosai, tsuntsun da aka bari da hanjinsa a jaka daga safe zuwa azahar ya fara lalacewa. Fikafikai da ƙafafu kuwa da almakashi mai ƙarfi ake datse su, saboda ƙashi na dakusar da kaifi.

Gardamar ƙarfe ma ba ta ƙarewa a tsakaninsu, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mahauta ya san ta. Baƙin ƙarfe yana saurin ɗaukar kaifi, shafa biyu uku a dutse ya wadatar, amma yana tsatsa idan aka kwana ba a goge jini ba. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana jure ruwa da sakaci, sai dai wasa shi aiki ne. Mahaucin da ya fi son wuƙar maƙeri a kan ta kanti, da maharbin Amurka da ya riƙe wuƙar kakansa mai baƙin jiki, hujjarsu ɗaya ce.

Yadda za ka yanka ma doka ta shiga ciki. A kan agwagin daji da dinya, dokar tarayya ta ce dole a bar kai ko fiffike ɗaya da gashinsa a jikin tsuntsun har a isa gida, don jami'i ya iya gane nau'insa a hanya. Tarayya ta ɗauke wa kurciya wannan sharaɗi, amma jihar Arizona ta ɗora shi. Akwai kuma wata baƙuwar kurciya mai baƙin zane a wuya, wadda ta kuɓuce daga keji a tsibiran Bahamas a shekarun 1970, ta tsallaka Fulorida, ta bazu a ƙasar. Jihohi da yawa ba su sa mata iyaka ba tunda baƙuwa ce, saboda haka maharbin da ya fige ta tas kafin ya isa gida ya zubar da shaidarsa, za a iya lissafa masa ita cikin 15 ɗinsa. Mai riƙe da wuƙa dole ya san inda zai tsaya.

Ba komai nasu ne abin yabo ba. Mafi yawan maharban kurciya a can ƙirji kawai suke cira. Wasu ko wuƙa ba sa taɓawa: a danna babban yatsa ƙarƙashin ƙashin ƙirji, a ɓalle, a jefar da saura. Ƙirjin su cusa masa barkono da cuku, su naɗe da naman alade su gasa. Cinya da ƙundu da hanta da zuciya duk a bola, kuma doka ba ta ce uffan ba muddin an ɗauko tsuntsun daga gona. A nan harshenmu ya fi nasu gaskiya. Mu muna da yanka, da figa, da babbaka, da farkewa, da wankewa, da daddatsawa, da ƙyafewa in ana son ajiya, kowane mataki da sunansa, kuma harshe ba ya ɓata kalma a kan aikin da masu shi ba sa yi. Yaron da ya harbo kurciya da danƙo a bayan gari, in ya same ta da sauran rai, guje yake yi neman reza ko wuƙa don kada ta zama mushe, sannan ba abin da yake zubarwa sai gashi da hanji. Ga kuma matsalar dalma. Tun 1991 aka hana harbin tsuntsayen ruwa da ƙwayoyin dalma a Amurka, jihar Kalifoniya ta hana su a kowace irin farauta a 2019, amma a yawancin gonakin kurciya har yanzu ana watsa su, tsuntsaye na tsintar su a zaton tsaba, kuma mai gyara sai ya bi naman da bakin wuƙa yana tono su. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Su kansu ba su yi ittifaƙi a kan harbin ba. A 2006 aka kai maganar akwatin zaɓe a Mishigan, jihar da aka yi waccan ɓarna ta 1878, kusan kashi 69 cikin 100 suka ce ba su yarda a harbi kurciya ba. Wiskonsin ta ayyana ta alamar zaman lafiya a 1971, ta kuma buɗe harbinta a 2003 bayan doguwar shari'a. Masu adawa na cewa tsuntsun da namansa bai wuce loma biyu ba, gwajin saiti ake yi da shi kawai. Ina ganin ƙanshin gaskiya a maganarsu idan aka dubi abin da ke faruwa a lardin Kordoba na Ajantina, inda ake ɗaukar wata kurciyar a matsayin annobar gona, ba kaka ba iyaka, baƙi masu kuɗi su zo mutum guda ya harbe dubu a wuni. Wannan ba mai ce masa girbi. Amma mutumin da ya harbi 15, ya tsuguna ya gyara su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, ya kai wa iyalinsa, ya aika fiffike don a ƙidaya, ban ga abin zargi a kansa ba. Hasali ma wahalar gyaran kanta linzami ce. Wanda ya san shi zai fige, ba ya harbin abin da ya fi ƙarfin yatsunsa.

Kurciyar Amurka ba ta zuwa ƙasarmu. Amma akwai wata da ke zuwa, kuma ta dalilinta ne wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Kurciyar Turai, mai zanen ruwan ƙasa da baƙi a fiffike, a can take sheƙa, sannan ta ƙetare Bahar Rum da Sahara ta yi hunturu a yankin Sahel, daga Senegal da Mali har Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi, tana kwana a kan bagaruwa kusa da ruwa, tana kiwo a gonakin da aka girbe. A 2014 masu bincike a Ingila suka ɗaura wa wani namiji na'ura, suka bi shi ta tauraron ɗan'adam daga gundumar Safok har Mali, tafiyar fiye da kilomita 5,000, ya kuma koma. Wannan tsuntsu ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a Birtaniya tun 1970, kuma a 2015 aka sa shi cikin jerin masu fuskantar barazana a duniya. Noman zamani ya kashe ciyayin da yake cin tsabarsu, maharba kuma na jiransa a hanya. A 2021 Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da harbinsa, cikin shekara biyu ƙidaya ta nuna ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100 a yammacin Turai. Da sun ce ai kurciya ba ta ƙarewa, da sun maimaita labarin Marta. Abin lura shi ne, sun san ya ragu saboda suna ƙirgawa, sun san ya farfaɗo saboda sun ci gaba da ƙirgawa.

Tsuntsun nan kusan rabin shekara yake yi a wajenmu, amma a lissafin nan namu shafin kusan fari ne. Da can muna da kaka ko da ba a rubuce ba. Damina ta gona ce, ba mai barin noma ya shiga daji, sai an kai amfani gida, ciyawa ta bushe, sannan Sarkin Dawa ya sa rana a buga gangi. Wannan tsari ya bai wa dabbobi da tsuntsaye da yawa sararin hayayyafa, ko da ba don su aka yi shi ba. Yanzu wa ke tsayar da wa? Maharbi na ainihi, mai baka ko bindigar toka, ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro mu ne, ma'aikata da 'yan kasuwa masu bindiga baki biyu da mota mai shiga ko'ina, waɗanda ke fita ran Asabar a kowane wata na shekara, su harbi hasbiya da fakara da zabin daji har a kan ƙwai, su jibge a bayan mota, su miƙa wa yaran gida gyara. Wanda bai taɓa riƙe wuƙar ba, ba abin da zai gaya masa ya isa haka. Bayan su kuma ga masu gawayi da ke cinye itatuwan kwana, ga dausayin Haɗeja da Nguru da ambaliyarsa ta ragu tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Muna da Dokar Namun Daji ta Arewa tun 1963, amma a tambayi masu bindigogin nan su goma, a ga nawa suka taɓa jin sunanta.

Ba na goyon bayan a ce an hana farauta kwata-kwata. Dokar da ba mai iya tsare ta raini kawai take jawo wa hukuma, kuma ta mayar da talaka mai neman abin miya ɓarawo. Abin da zai yiwu ya fi haka sauƙi. Jihohin Jigawa da Yobe da Kano da Borno su zauna da ƙungiyoyin maharba da sarakunan dawa, waɗanda suka fi kowane jami'i sanin watan da kowane tsuntsu ke sheƙa, a fitar da watannin rufewa ga kowane nau'i, a sanar da Hausa da Barbarci da Fulatanci a rediyo. A ɗaura lasisin bindigar farauta da adadin da mutum zai harba a rana. Sannan a fara ƙirga. Wannan na ƙarshe bai buƙatar tauraron ɗan'adam. Jami'o'inmu na Dutse da Gashuwa da Kano na da sassan nazarin halittu da na gandun daji cike da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundin kammalawa a kai.

Mu ma na sashen harsuna akwai namu aikin, don ba a ƙirga abin da ba a tantance sunansa ba. Kurciya, bardo, wala, hasbiya: ɗan birni a yau duk kurciya yake ce masu, wani ma abin da ya sani game da kalmar bai wuce sihirin da ake cewa ana yi wa mutum ya bar gari ba. Tsofaffin maharba kuwa suna rarrabe su da kuka da tashi da launin ido, suna sanin wadda ke nan shekara duka da wadda sai da sanyi take bayyana. A haɗa ɗalibin Hausa ɗaya da na nazarin halittu ɗaya, a tura su kasuwannin ƙauyen da ake kawo tsuntsaye daga Nuwamba zuwa Maris, da littafin rubutu da ambulan da ƙaramar wuƙa. Ɗaya ya rubuta sunan da maharbi ya faɗa da inda ya harbo, ɗayan ya roƙi fiffike guda ya sa lamba.